Rosalind Franklin: Matar da ta ɗauko hoton sinadarin gado

A yau cikin kwana ɗaya ko biyu na'ura kan karance dukkan bayanan gado da ke jikin mutum, a kan kuɗin da bai kai dala 1,000 ba. Da wannan fasaha ce likitoci ke gano cututtukan da jarirai suka gada, da zaɓar wa mai ciwon sankara maganin da ya dace da shi, da kuma bin sawun annoba daga wannan gari zuwa wancan.

To amma kafin a iya karanta rubutu, sai an san yadda aka jera shi tukuna. Daga cikin mutane ƙalilan da suka gano fasalin sinadarin gado na DNA a shekarar 1953, akwai wata 'yar Birtaniya mai suna Rosalind Franklin, wadda ta rasu tana da shekaru 37 a duniya, shekaru huɗu kafin a bai wa wasu maza uku lambar yabo ta Nobel a kan wannan aiki.

Haihuwa da karatu

An haifi Rosalind Elsie Franklin ne ranar 25 ga watan Yulin 1920 a unguwar Notting Hill da ke birnin Landan, a wani gida na Yahudawa masu hannu da shuni. Mahaifinta Ellis Franklin babban ma'aikacin banki ne, wanda kuma da yamma yakan koyar a wata kwaleji ta ma'aikata. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya biyar. Gidan ya yi suna a harkokin mulki, domin Herbert Samuel, wanda Birtaniya ta fara naɗawa babban kwamishinanta a Falasɗinu a 1920, ɗan uwansu ne na kusa.

Tana da shekaru 11 ta shiga makarantar 'yan mata ta St Paul's, ɗaya daga cikin tsirarun makarantun Landan da ke koyar da mata kimiyya a wancan zamani. A 1938 ta samu gurbi a kwalejin Newnham ta jami'ar Cambridge. Ta ci tallafin karatu, sai dai mahaifinta ya nemi ta bar kuɗin ga wani ɗalibi daga cikin 'yan gudun hijirar da ke tserewa daga mulkin 'yan Nazi, tun da shi yana da halin biya.

Ta kammala karatun ilmin haɗa sinadarai a 1941. Duk da cewa ta rubuta jarrabawa iri ɗaya da ta maza, jami'ar ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai a 1948.

Daga kwal zuwa birnin Paris

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, ta kama aiki a wata cibiyar binciken makamashin kwal. Aikin da aka ba ta shi ne nazarin ƙananan ramukan da ke jikin kwal, waɗanda ido ba ya gani, da yadda iska da ruwa ke ratsa su. Binciken na da amfani wajen sanin ingancin kwal a matsayin makamashi, da kuma wajen haɗa takunkumin kariya daga iska mai guba. Da shi ne ta samu digirin digirgir daga Cambridge a 1945.

A farkon 1947 ta koma birnin Paris, inda ta yi aiki a wani ɗakin bincike na gwamnatin Faransa ƙarƙashin Jacques Mering. A can ne ta ƙware a fasahar da ta fito da sunanta.

Ana amfani ne da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan aka harba shi a kan wani abu, ƙwayoyin zarra da ke cikin abin sukan karkatar da hasken, sai ya bar ɗige-ɗige a kan fim. Ba siffar abin ce ke fitowa ba. Sai mai bincike ya zauna ya auna tazarar ɗigogin da duhunsu, sa'an nan ya yi lissafi, kafin ya san yadda ƙwayoyin suke a jere. A lokacin babu kwamfuta a irin waɗannan ɗakuna, don haka lissafin hoto guda kan ci makonni.

Shekaru huɗun da ta yi a Faransa su ne mafi daɗi a rayuwarta, kamar yadda marubuta tarihinta suka nuna. Ta iya Faransanci sosai, tana hawan tsaunukan Alps a lokacin hutu, kuma ta saba da al'adar yin muhawara mai zafi tsakanin abokan aiki ba tare da kowa ya ɗauke ta da gaba ba. Wannan ɗabi'a ba ta karɓu ba a wurin da ta nufa daga baya.

Rikicin kwalejin King's

A watan Janairun 1951 ta fara aiki a kwalejin King's da ke Landan, a sashen da John Randall ke shugabanta. Tun kafin ta iso aka shuka matsalar. Randall ya rubuta mata wasiƙa yana nuna cewa binciken DNA da hasken eksire zai kasance a hannunta ne, ita da wani ɗalibi mai suna Raymond Gosling. Amma bai shaida wa mataimakinsa Maurice Wilkins ba, alhali shi Wilkins ne ya fara wannan aiki, kuma ya tafi hutu a lokacin da ta zo.

Da ya dawo, sai ya ɗauka an kawo masa abokiyar aiki ce da za ta taimaka masa. Ita kuwa gani take yana yi mata katsalandan a aikin da aka damƙa mata. Ga kuma bambancin hali. Wilkins mutum ne mai kunya da kauce wa gardama, ita kuma mai kallon mutum ido da ido ta faɗa masa kurensa. Ba a yi nisa ba suka daina magana in ba da dalili ba. Bugu da ƙari, ɗakin cin abincin manyan malaman kwalejin na maza ne kawai, ga shi a irin wuraren nan ne ake yawan tattauna aiki.

Duk da haka cikin watanni kaɗan ta gano abin da ya shige wa na gabanta duhu. Ta samu DNA mai kyau da wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Rudolf Signer, ya tace daga jikin maruƙa. Ta shirya na'urarta yadda za ta iya ƙayyade danshin da ke kewaye da zaren, ta hanyar bi da iskar haidirojin ta cikin ruwan gishiri. Nan ta gane cewa DNA na da siffa biyu. Idan ya ɗan bushe sai ya taƙure, wanda aka kira siffar A, idan kuma ya sha ruwa sai ya miƙe, wato siffar B. Hotunan da aka ɗauka a baya sun yi dishi-dishi ne saboda siffofin biyu sun cakuɗe.

A watan Nuwamban 1951 ta gabatar da sakamakonta a wani taro a kwalejin. Cikin masu sauraro har da wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 23, James Watson, wanda ke aiki da Francis Crick a ɗakin bincike na Cavendish a Cambridge. Watson bai rubuta komai ba, ya koma da alƙaluman da ba daidai ba, musamman game da yawan ruwan da ke jikin DNA. Cikin 'yan kwanaki su biyun suka harhaɗa samfuri mai igiya uku, suka gayyaci mutanen King's su zo su gani.

Rosalind ta duba ta nuna musu cewa sun juya abin ciki ya koma waje. Sinadarin fosfet da suka cusa a tsakiya dole ne ya kasance a waje, inda zai haɗu da ruwa. Abin ya zame musu abin kunya, har shugaban Cavendish Lawrence Bragg ya umarce su da su bar wa King's binciken DNA.

Hoto mai lamba 51

A watan Mayun 1952, Gosling a ƙarƙashin kulawarta ya ɗauki hoton siffar B, bayan an bar zaren a gaban hasken fiye da kwana biyu. An sa masa lamba 51. Ɗigogin sun fito tsaf cikin siffar harafin X, alamar da ke nuna wa masanin fannin cewa abin a murɗe yake kamar tufkar igiya.

Ta ajiye hoton, ta ci gaba da lissafin siffar A, wadda ta fi yawan bayanai amma ta fi wuyar warwarewa. Wasu na ganin a nan ne ta yi asarar lokaci. Ita dai tarbiyyar da ta samu ita ce kada a gina samfuri sai alƙaluma sun tabbatar da shi, kuma ta riga ta ga yadda gaggawa ta kunyata mutanen Cambridge.

A ƙarshen watan Janairun 1953 Watson ya zo King's ɗauke da takardar shahararren masanin nan na Amurka Linus Pauling, wanda shi ma ya yi kuskuren cewa igiyoyin uku ne. A lokacin Rosalind na shirin barin kwalejin, kuma Gosling ya riga ya miƙa hoton ga Wilkins. Shi kuma ya nuna wa Watson ba tare da saninta ba.

Wannan shi ne labarin da ya fi yaɗuwa. To sai dai abin da ya fi taimaka wa mutanen Cambridge shi ne wani rahoto da sashen Randall ya rubuta wa hukumar binciken lafiya ta Birtaniya a watan Disamban 1952, wanda ke ɗauke da ma'aunan Rosalind. Max Perutz, mamba a kwamitin da ya karɓi rahoton, shi ne ya ba su a watan Fabrairu. Rahoton ba na sirri ba ne, amma babu wanda ya nemi izininta. Da Crick ya ga alƙaluman, nan take ya gane cewa igiyoyin biyu ne, kuma ɗaya na fuskantar sama ɗaya na fuskantar ƙasa, domin ya taɓa cin karo da irin wannan tsari a binciken da yake yi kan furotin na jini.

Sauran aikin nasu ne. DNA na da sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A da T da G da C. Tun da farko Erwin Chargaff ya nuna cewa yawan A daidai yake da na T, na G kuma daidai da na C. Ranar 28 ga Fabrairun 1953 Watson ya gano dalili: A na kama T ne, G kuma na kama C, kamar matakan tsani tsakanin sanduna biyu. Ke nan kowace igiya na ɗauke da bayanin da za a sake gina 'yar uwarta, wanda shi ne sirrin yadda ɗa ke gadon iyayensa.

Littattafan aikin Rosalind na wannan wata sun nuna cewa ita ma ta kai ga igiya biyu masu tufka. Haɗuwar haruffan ce ta rage mata.

Ranar 25 ga Afrilun 1953 mujallar Nature ta buga takardu uku a jere: ta Watson da Crick a gaba, sai ta Wilkins da abokansa, sa'an nan ta Rosalind da Gosling, wadda ke ɗauke da hoton. Wanda ya karanta zai ɗauka aikinta ya zo ne daga baya ya gaskata nasu. Su kuwa a tasu takardar, iyakar abin da suka ambata shi ne cewa suna da masaniya ta gaba ɗaya game da binciken King's da ba a buga ba.

Shekaru biyar na ƙarshe

Tun a watan Maris ta riga ta koma kwalejin Birkbeck, ƙarƙashin J.D. Bernal, inda ta kafa nata rukunin masu bincike, ciki har da Aaron Klug da John Finch da Kenneth Holmes. Ta juya ga ƙwayoyin cuta na bairos, ta fara da wanda ke lalata ganyen taba. Ta nuna cewa dukkan ƙwayoyinsa tsawonsu ɗaya ne, kuma tare da Donald Caspar suka tabbatar cewa cikinsa rami ne, sinadarin gadonsa na RNA kuma a naɗe yake cikin furotin da ke kewaye da ramin.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne a wannan lokaci ta ƙulla zumunci da Crick da matarsa Odile. Sun yi tafiya tare zuwa Sifaniya a 1956, tana kuma aika masa da aikinta ya duba.

A tsakiyar wannan shekara, tana ziyarar aiki a Amurka, ta fara jin ciwo a ciki. Da ta dawo aka yi mata tiyata a watan Satumba, aka tarar da sankara a ƙwan mahaifarta. Ta yi wani ɓangare na jinyarta a gidan su Crick. Tsakanin zuwa asibiti da dawowa ba ta bar aiki ba, rukuninta ya fitar da takardu bakwai a 1956, da wasu shida a 1957, har ta fara nazarin ƙwayar cutar shan inna.

Ta rasu ranar 16 ga Afrilun 1958 a Landan. Washegari aka buɗe bikin baje kolin duniya a birnin Brussels, inda aka kafa babban samfurin bairos ɗin taba da aka nemi ta gina.

A 1962 aka bai wa Crick da Watson da Wilkins lambar Nobel ta fannin likitanci. Ba a tsayar da mamaci takarar lambar, kuma ba a raba ta ga fiye da mutum uku. Sai dai a jawabansu na karɓa, Wilkins ne kaɗai ya ambaci sunanta, shi ma a taƙaice. Aaron Klug, wanda ya ci gaba da aikin da suka faro tare, ya samu tasa lambar a fannin sinadarai a 1982.

Jama'a sun fara saninta ne ta littafin Watson na 1968 mai suna The Double Helix, inda ya siffanta ta a matsayin mace mai taurin kai da ba ta fahimci abin da ke hannunta ba, yana kiranta da wani laƙabi da ba ta so, har yana sukar suturarta. Littafin da ya ci mutuncinta shi ne kuma ya fallasa yadda aka yi amfani da aikinta. Ƙawarta Anne Sayre ta mayar da martani da nata littafin a 1975, sai Brenda Maddox ta rubuta cikakken tarihinta a 2002. Shi kuwa Watson, kalaman da ya yi a 2007 na raina basirar 'yan Afirka sun raba shi da muƙaminsa, kuma da ya maimaita su, cibiyarsa ta Cold Spring Harbor ta janye karramawar da ta yi masa a 2019.

A 2023 wasu masana biyu, Matthew Cobb da Nathaniel Comfort, bayan nazarin takardunta, suka ce mayar da tarihinta labarin satar hoto kawai shi ma rage mata daraja ne, domin yana nuna kamar ba ta gane abin da ta ɗauka ba. A ganinsu ita ɗaya ce daga cikin mutum huɗu da suka warware matsalar, kuma wannan ya fi dacewa da abin da littattafan aikinta suka nuna.

Daga sanin siffa zuwa karanta haruffa

An ɗauki shekaru 24 kafin a samu hanya mai sauƙi ta karanta jerin haruffan. A 1977 Frederick Sanger na Cambridge ya fito da dabarar da ta dogara kacokan a kan haɗuwar A da T, da G da C. Ana sa a kwafi igiyar DNA, sai a zuba wasu gurɓatattun haruffa da ke tsayar da kwafin a duk inda suka shiga. Daga nan a jera guntayen bisa tsawonsu, a karanta harafin ƙarshe na kowanne. Da ita ya karance wani ƙaramin bairos mai haruffa kimanin 5,400.

Na ɗan Adam kuwa haruffa ne kusan biliyan 3. Shirin ƙasa da ƙasa na karanta su ya faro a 1990, aka kammala a watan Afrilun 2003, shekaru 50 cif bayan takardun Nature, a kan kuɗi kusan dala biliyan 3. Sauran giɓin da aka bari sai a 2022 aka cike shi. Farashin ya faɗi ne bayan zuwan na'urorin da ke karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda, irin na kamfanin Illumina. Akwai kuma 'yar ƙarama ta kamfanin Oxford Nanopore da ke shiga aljihu, wadda aka yi aiki da ita a ƙasar Gini lokacin annobar Ebola a 2015.

Najeriya ta ga amfanin wannan a kan cutar da Rosalind ke nazari a ƙarshen rayuwarta. A watan Agustan 2016, da aka samu yara biyu da shan inna a jihar Borno bayan shekaru biyu ba a ga cutar ba, karanta ƙwayar ya nuna cewa ba daga waje aka shigo da ita ba. Dangin wadda aka gani ce a Borno a 2011, ma'ana ta yi shekaru tana yawo a yankunan da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wannan ya nuna inda ya kamata a karkata allurar, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. A watan Maris na wannan shekara ta 2020 ma, wata cibiya a jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun ce ta fara karanta ƙwayar cutar korona a Afirka.

Haka nan cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, tana faruwa ne saboda sauyin harafi ɗaya tak, inda T ya maye gurbin A a wurin da ke tsara furotin ɗin jini. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin halittar majiyyaci. Farashin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, kuɗin da ya fi ƙarfin kusan duk iyalan da cutar ta fi addaba, shi ya sa har yanzu gwajin jini kafin aure ne babbar kariyarsu.

Ita ma cutar da ta yi ajalin Rosalind an samu haske a kanta. A 1994 da 1995 aka gano ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda lahani a cikinsu ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mahaifa. Lahanin ya fi yawa a tsakanin Yahudawan da asalinsu ya fito daga tsakiya da gabashin Turai, inda ake samunsa a kusan mutum 1 cikin 40. Wasu sun danganta ciwonta da wannan gado, wasu kuma da yawan mu'amala da hasken eksire. A yau macen da ke da irin wannan tarihi a danginta na iya yin gwaji tun tana da lafiya, kuma tun 2014 akwai maganin olaparib da ake ba masu wannan lahani.

An sa sunanta ga wata jami'ar likitanci a jihar Illinois ta Amurka a 2004, da kuma na'urar da hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙera domin neman alamun rai a duniyar Mars. A 2020, da ta cika shekaru 100 da haihuwa, Birtaniya ta buga kwabo mai ɗauke da hoto mai lamba 51.

Kabarinta na maƙabartar Yahudawa ta Willesden da ke arewa maso yammacin Landan. Rubutun da iyalinta suka sa a kan dutsen ya ambaci bincikenta a kan ƙwayoyin bairos ne, bai ambaci DNA ba.